Inji Ɗaya Kacal

"Wa ya tura?"

Ko jakarta ba ta sauke ba. Tana tsaye gaban babban allon da ke bangon ofis, wanda ke nuna duk injinan ƙyanƙyasar ƙwai da kamfanin ya sayar, kowane inji da ɗigonsa. Dubban ɗigo kore shar, lafiya lau. Can a kusurwar sama kuwa, cikin ɗan akwatin da aka ware wa rukunin gwaji, ɗigo ɗaya ya yi toka-toka, alamar injin ya daina magana da ofis.

"Da mutane nake magana. Wa ya tura sabuwar manhajar?"

Nan take kowane mai rubuta manhaja a ɗakin ya gano wani muhimmin abu a fuskar kwamfutarsa. Dogo ne kaɗai ya ɗago, shi ma don tsayinsa ba ya barinsa ya ɓuya bayan komai.

"Injiniya, ni ne. Amma Manaja ne ya ce..."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe, kina can masana'anta. Ya ce gobe masu zuba jari za su zo, dole su ga sabon abu."

A ofis Injiniya ake ce mata, a gida Auta. Ita ta kafa dokar rukunin gwaji da bakinta: duk sabuwar manhaja, kafin a watsa ta ta intanet zuwa injinan jama'a, sai an fara gwada ta a kan 'yan kaɗan. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin suna jere a kan benci a ɗakin baya, ba komai a cikinsu sai iska, ga sabis ɗin intanet har ya yi musu yawa. Guda ɗaya ne kawai ke aikin gaske, a gida na gaske inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da ƙwai na gaske a cikinsa. Wannan yana ɗakin mahaifinta, cike da ƙwan da saura kwana kaɗan su fashe. Ta faɗa a taro, ta sake faɗa a bakin ƙofa, ta rubuta da jan biro ta manna a gefen allon: kada a tura komai sai ƙwan Baba sun fashe. Takardar tana nan inda ta manna ta, wani ma har ya gyara mata zama.

Ta ture kujerar Dogo da shi a kanta, ta jawo kwamfutarsa, ta buɗe saƙon ƙarshe da injin ya aiko kafin ya yi shiru. Zafi daidai. Danshi daidai. Hita a kunne. Manhajar ce ke kunna hita ta kuma kashe ta, in ta sandare alhali hitar na kunne, to babu mai kashewa. Injinan da ake sayarwa suna da ɗan fis mai yanke wuta in zafi ya wuce kima. Na Baba samfurin farko ne, an ƙera shi tun kafin kowa ya yi wannan tunanin.

Ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Auta! Yanzu nake cewa ko in kira ki, sai na ce a'a, kina aiki."

"Baba, kana kusa da injin?"

"Ina zan je? Tun safe nake gadin ƙanwarki. Yau karatu mai nisa take yi. Ta rubuta ana sabuntawa, kada a kashe, har yanzu ba ta gama ba."

Ƙanwarki yake ce wa injin, wai tun da aka kawo shi gidan ya ƙwace mata autanci. Kullum in ya faɗa sai ta yi dariya. Yau ba ta yi ba.

"Taɓa gilashin."

"Ai abin da na so in faɗa miki ke nan. Ya yi zafi kamar murfin tukunya. Amma lambar da ke allon ba ta motsa ba, na ce ai ita ta fi ni sani."

"Cire filogin. Yanzun nan."

"A'a Auta, ga shi fa a rubuce..."

"Ni na rubuta shi, Baba! Ni kuma nake cewa ka cire! Ka buɗe ƙofar injin ka bar ta a buɗe!"

"To, bari in nemo reza."

"Reza kuma ta me?"

"Na naɗe filogin da salatif ne, kada wani ya yi kuskure."

Ta runtse ido. Babu wani a gidan, shi kaɗai ne. Bara ya taɓa zare filogin ana tsakiyar sabuntawa don ya ba rediyonsa wuta, injin ya rikice, ta zo ta gyara tana ta faɗa kamar ta ari baki, a gaban maƙwabta. Ranar bai ce mata uffan ba. Ashe salatif ya je ya sayo.

Tana jin ƙarar rezar a kan salatif, tana jin numfashinsa. Ya ce ya cire. Ta ce ya jira injin ya ɗan huce sannan ya mayar. Ya ce ya mayar. Ta ce ya ba shi lokaci, zai tashi da tsohuwar manhaja.

"Allon ya yi baƙi ƙirin, Auta. Ko fankar ba ta juyawa."

Ta sauke wayar daga kunnenta a hankali ta juyo wajen Dogo. Ƙwaƙwalwar injin ƙarama ce, amma tun ranar farko ta raba ta gida biyu: ɗaya na sabuwar manhaja, ɗaya na tsohuwa. In sabuwa ta ƙi, da an kashe an kunna sai injin ya koma wa tsohuwa. Wannan dabara ce ke sa ta iya barci.

"Ina tsohuwar?"

Dogo ya sha jinin jikinsa. "Wurin ne bai isa ba, Injiniya."

"Wurin me?"

"Ɗan tsakon."

"Wane ɗan tsako?"

"Manaja ya ce in an kunna inji, a ga ɗan tsako ya fito daga ƙwai a allon yana rawa. Hotunan suna da yawa, har da fukafukai. Na ce zan ari gidan tsohuwar na kwana biyu, bayan baƙi sun tafi in mayar."

"Ka ara."

"Na gwada a kan na benci, duk sun tashi lafiya."

"Na benci da suke zaune a gindin intanet! Can sabis ya ɗauke ana tsakiyar sauke kaya, rabin manhaja ta shiga rabi ba ta shiga ba, ka kuma rushe ɗakin da injin zai koma. Kai Dogo, tsayin naka duk bai kai wa kanka jini ba ne?"

Wani ya fara dariya, ta dube shi, dariyar ta koma tari.

Manaja yana ofishinsa mai bangon gilashi, yana gwajin murmushin gobe a kan wani a waya. Ta shiga ba sallama. Ya ɗaga mata yatsa wai ta jira, ta tsaya a kansa ƙerere har ya gaji ya ajiye wayar.

"Injiniya, lafiya? Fuskarki kamar an aiko ki da sammaci."

"Ka sa an cire tsohuwar manhaja don ɗan tsako ya yi rawa."

"Na ce a samar masa wuri. Yadda aka samar kuma, wannan aikinku ne na injiniyoyi."

Haka yake. In abu ya yi kyau mun yi, in ya lalace kun yi.

"Ka ga takardar da na manna?"

"Na gani. Amma kamfani ba zai tsaya jiran kaji ba."

"Kaji ne sana'ar kamfanin!"

Ya yi kunnen uwar shegu da wannan. "Inji nawa abin ya shafa?"

"Ɗaya."

Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. "Ɗaya kacal? Cikin dubbai? Ai wannan abin a yi miki tafi ne. Don haka aka yi rukunin gwaji, ke da kanki kika koya mana. Da ba don shi ba, da yanzu wayoyin nan sun kama da wuta."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ba abin da ya kai wannan ƙona rai, mutumin da ka raina ya ɗauko maganarka ya jefe ka da ita.

"Na mahaifina ne."

"Na sani. Ki gaishe shi da kyau, ki ce kamfani zai duba abin da ya dace. Ki kuma dawo da wuri, akwai gyara kafin gobe."

Ta juya ta fita. Ƙofar irin mai rufe kanta a hankali ce, ko buga ta mutum ba ya samun yi.

Injin da ya daina jin intanet, ba shi da magani sai a je inda yake a soka masa kebul. Ta tura kwamfutarta cikin jaka, da kebul, da sukundireba. Dogo ya miƙe yana cewa bari ya raka ta, ta ce ya zauna ya koya wa ɗan tsakonsa sabon taku.

Gidan Baba yana can ɗaya ƙarshen gari. Bas ɗin da ta samu ya tsaya a tasha yana jiran mutum ɗaya ya cika, kwandasta yana ta rantsuwa yanzu za a tashi, mutum ɗayan kuwa kamar ba a haife shi ba. Da aka tashi, ba a yi nisa ba aka shiga cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, direbanta yana kwance a inuwarta yana firfita da hula. Auta ta ji kamar ta sauka ta shaƙe shi. Ta rungume jakar a ƙirji tana lissafi da zuci. Zafi daga sama yake taruwa, tiren sama sai dai wani ikon Allah. Na ƙasa kuwa ana iya samun masu rai, amma yanzu su kuma sanyi ke jiransu.

Ta sake kiransa. "Baba, in ya huce ka rufe ƙofar, ka lulluɓe injin da bargo."

"A rufe har inda iska ke shiga?"

"A'a, ka bar nan."

"To. Wani abin fa?"

"Shi ke nan. Kada ka taɓa komai."

Sai da ta ajiye wayar ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta yi tsaki mai ƙarfi har matar da ke gefenta ta janye kwandonta.

Baba direban babbar mota ne a da. Ya yi shekaru yana ratsa ƙasashe, ya san kowane rami a hanya da sunansa. Da idonsa ya raunana aka karɓe makullin, ba a daɗe ba kuma mahaifiyar su Auta ta rasu, sai ya koma zaman ƙofar gida, yana kallon motocin wasu suna wucewa yana gyara musu tuƙi da baki. Yayyenta kowa yana nasa garin da nasa iyalin. Ita ce ta ɗauko samfurin farko da za a jefar a ofis ta kai masa, ta ce ga abin yi. Ta kuma gaya masa gaskiya, cewa nasa ne zai riƙa fara karɓar duk wani sabon abu kafin na kowa. Ita ta san sunan wannan shi ne zakaran gwajin dafi. Shi kuwa ya ɗauke shi sarauta, ya bi unguwa yana faɗa wa duk mai kunne cewa injinsa ne ke fara samun ilimi, sauran na duniya sai sun jira. Mutane suka fara kawo masa ƙwansu, ya riƙa yi wa kowane alama da fensir. Ya koma aske gemu da sa riga mai guga.

Cunkoson ya ƙi motsi. Ta sauka a tsakiyar titi ta tare mai babur, ta ce ya bi ta lunguna, in ya ga dama ya bi ta kan rufin gidaje.

Tun daga ƙofar ɗakin ta ji warin, wani irin ɗumi mai ƙarni da ba ta taɓa ji a ɗakin ba. Injin yana kusurwarsa lulluɓe da bargon Baba mai ratsin shuɗi, an ninke gefen da iska ke shiga tsaf-tsaf. Kujerar roba tana gabansa daf, alamar inda ya wuni. Guntayen salatif suna kan taga, an jera su, rezar tana kansu.

"Sannu da hanya. Ki sha ruwa tukuna."

"Ba na sha."

Ta yaye bargon, ta jawo injin daga bango, ta durƙusa a bayansa. Notin farko ya ƙi kwancewa, sukundireban ya zame ya yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Baba ya kawo tocila ya haska mata, hasken yana yawo ko'ina ban da inda take so.

"Baba, nan! Nan nake cewa!"

"To."

Wannan to ɗin ya fi zagi ciwo. Da ma ya yi mata tsawa, da ma ya ce ita ta jawo, da ta samu wanda za ta yi faɗa da shi. Ta cire murfin, ta soka kebul, ta buɗe kwamfuta a kan tabarma ta fara mayar da tsohuwar manhaja. Layin da ke nuna ci gaba ya riƙa jan ciki kamar ba ya son zuwa. Can fanka ta yi ƙara ta fara juyawa, allon ya kawo haske, lamba ta fito, ta gaske wannan karon, tana hawa sannu a hankali.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ta farka."

"Injin ne ya farka. Kawo labule mu rufe tagar."

Suka rufe taga da ƙofa, ɗakin ya yi duhu. Baba yana da wani ɗan bututu da ya naɗa da kwali ya ɗaura a bakin tocila, da shi yake duba ƙwai. Ƙwan da ke da rai, in aka ɗora shi a kan hasken, ana ganin duhu yana motsi a ciki, wani lokaci har a ga ɗan baki yana zungurar fatar da ke wajen iska. Suka fara da tiren sama. Manyan ƙwai ne masu ɗige-ɗige, na talo-talo, kowane da alamar almakashi da fensir.

"Na Mai Ɗinki ne," ya ce. "Na sa mata a sama don in riƙa ganinsu da kyau. Kullum sai ta leƙo ta gaishe su, wai 'ya'yanta."

Mai Ɗinki maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su. Ita ke leƙo shi in Auta ta kwana biyu ba ta zo ba, ita ke rage masa wuyan riga in ya rame.

Ya ɗora na farko a kan hasken, ya juya shi, ya jira. Ya kai shi kunne. Ya ajiye shi a cikin roba a gefe. Na biyu ma haka. Ya riƙa ba kowane ƙwai lokacinsa, ba ya gaggawa, kamar wani zai canza shawara. Auta tana miƙa masa tana karɓa, tana jin nauyin kowane a tafin hannunta. Abin da ke ciki ya gama haɗuwa, da gashinsa da ƙafafunsa, saura ya fasa ya fito. Aka gama tiren sama ba ko ɗaya. Tire na biyu ma, wanda ke ɗauke da ƙwan kajin Baba, ba ko ɗaya.

"Tun yaushe ka ji gilashin ya yi zafi?" ta tambaya.

"Da hantsi."

"Ka zauna kana kallo tun hantsi?"

"Na ɗauko wayar har sau nawa. Sai in duba allon in ga rubutunki."

Ta so ta yi ihu. Ta so ta ce mutumin da ya iya gane ciwon babbar mota daga ƙararta, yaya za a yi ya ji zafi da tafin hannunsa ya ƙaryata hannun? Amma ta san amsar, amsar tana kan taga a jere da reza a kanta. Ta haɗiye maganar.

A tiren ƙasa ne, wajen tsakiya, ya ɗora wani ƙwai ya ce, "Tsaya." Duhun da ke ciki ya ɗan motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Suka samu wani, suka sake samun wani. Ba su da yawa, ba su cika tafin hannu biyu ba. Ya mayar da su tsakiyar tiren da kansa, ya rufe ƙofar injin a hankali.

Wayarta ta yi ƙara. Manaja ne. Ta koma bakin taga ta ɗauka.

"Injiniya! Na ga ɗigon ya koma kore, aikinki ya yi kyau. Kin ga rahoton da injin ya aiko da ya dawo?"

"Ban duba ba."

"Ya nuna an cire wuta ana tsakiyar sabuntawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. To kin ga an huta. A bayanin da za mu ba baƙi gobe sai mu rubuta kuskuren mai amfani da inji, allo ya ce kada a kashe, aka kashe."

"Ni na ce ya cire. Bayan manhajarku ta dafa masa ƙwai tun safe."

"To, an dai cire, ko ba a cire ba? Ba ƙarya za mu yi ba. Ba kuma sunan kowa za mu sa ba."

"Mutumin nan ya wuni a kan kujera hannunsa a naɗe, yana jin ƙwansa na ƙonewa, saboda ya yarda da abin da muka rubuta. Shi za ka ɗora wa?"

"Ki yi magana a hankali. Tunani za ki yi. In muka ce manhaja ce, ta wa za a ce? Sunanki ne a kanta, ba nawa ba."

"Wallahi in ka rubuta haka, gobe a gaban baƙin naka zan miƙe in faɗi abin da ya faru, tun daga ɗan tsako har rashin fis. Ka kore ni a gabansu in ka isa."

"Ranki ne a ɓace. Ki huce, za mu yi magana."

Ta kashe wayar tana huci. Ta daɗe ba ta ji daɗin faɗa irin wannan ba. Ta juyo don ta gaya wa Baba abin da marar kunyar nan ya so ya yi, sai ta ga kujerar ba kowa, robar ƙwan talo-talon ma ba ta nan. Daga tsakar gida ta jiyo sallama, muryar Mai Ɗinki ce.

"Baba, na ga Auta ta shigo a guje kamar an biyo ta. Lafiya dai? Ba 'ya'yana ba ne ko?"

"Sai haƙuri, 'yata. Naki duka sun tafi."

"Inna lillahi! Duka? Baba, duka?" Aka ji ƙarar robar, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. "Saura kwana nawa! Har keji na sa an yi musu. Injin ne ya lalace? Ba kai ka ce injin Auta ba ya kuskure ba?"

"Injin lafiyarsa ƙalau, ga shi can yana aiki. Ni ne. An rubuta a allo kada a kashe, na sa hannu na zare filogin."

"Haba Baba! Kuma dai? Ba haka ka yi bara ba?"

"Haka na yi. Tsufa ne."

"Tsufa ne zai sa ka taɓa abin da aka ce kada ka taɓa? Yarinya ta yi karatunta, ta kawo maka abu har gida, ka zauna kana jagwalgwala shi. Yanzu ka sa ta baro aikinta ta taho da rana tsaka. In ba ka iya ba ai sai ka faɗa, mu kai ƙwanmu wani wuri!"

"Na daddara."

Auta ba ta san lokacin da ta isa bakin ƙofa ba. Hasken waje ya kashe mata ido. Mai Ɗinki tana tsaye da robar a hannu, tef ɗin awo a wuyanta, hawaye a fuskarta. Baba yana gabanta, kansa a ƙasa, hannuwansa a baya kamar ɗan makarantar da aka kama.

"Anti, ba haka..."

Baba ya juyo ya dube ta. Irin kallon nan ne da yake yi mata tana ƙarama in ta sa baki a maganar manya, kallon da ta ɗauka ya daɗe da mantawa da shi.

"Auta, koma ki kula da na ƙasan nan, kada su yi sanyi."

"Je ki abinki, ƙanwata," in ji Mai Ɗinki tana share ido da bakin mayafi. "Ke kin yi iya yinki. Allah ya ba ki haƙurin zama da shi."

Ta tsaya riƙe da ƙyauren, bakinta a buɗe, maganar da ta yi wa Manaja rantsuwa a kanta tana nan a kan harshenta. Baba bai ɗauke idonsa daga kanta ba.

Ta saki ƙyauren ta koma ciki. Ta zauna a kujerar roba a gaban injin. A bayanta tana jin Mai Ɗinki ta ci gaba da yi masa faɗa, shi kuma yana cewa to, to.